Haƙorin Hajiya Dije

Jikata Nafisa, wadda ke karatun aikin likita a Maradi, ta zo hutu da salula a hannu da labari a baki. Ta ce, "Kaka, sana'arku ta mutu, sai dai a yi mata addu'a. Yanzu ƙusa ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora haƙori a kai. Sunan ƙarfen titan. Har masana sun fara garwaya shi da ɗan jan ƙarfe, don ƙwayoyin cuta su kasa zama a jikinsa." Ta nuna mini hoton mai motsi. Kafin in gyara zama an huda, an murɗa, an ɗora, wata baturiya ta yi murmushi. Ba jini, ba yawu, ba wanda ya ciji yatsan wani. Ƙawarta Rakiya kuwa ta riga ta sayo kwali guda na haƙoran zinariyar ƙarya a Ɗan Issa, da gam ɗin liƙe takalmi, za ta buɗe sana'a bayan Salla. Ta ce ai ba wani abu ba ne, a danna ne a manna.

To, madalla. Ashe ni da na tsufa cikin bakin mutane wahalar banza na sha. Amma tunda kun zauna, furar kuma ba ta ƙare ba, bari in ba ku labarin haƙori guda, na Hajiya Dije mai bandar kifi. Na bi haƙorin nan tun saukowarsa daga jirgi har ranar da aka yi wa mai shi wanka. Tsoronta ɗaya a duniya, kada a rufe ta da abin aro a baki, kuma ni ta ɗora wa wannan alkawari.

Gidan maƙeran farin ƙarfe aka kawo ni aure, nan bakin tafki. Mijina Sanda shi ke buga azurfa da zinariya da tagulla. Uwarsa, Gwaggo Abu, ita ke shiga gidaje, don ba Hajiyar da za ta wangale baki gaban ƙaton maƙeri yana leƙa mata maƙogwaro. Namiji ya buga kwasfar haƙori, mace ta sa. Haka na tarar, haka na bari.

Gwaggo ba ta ba ni bakin mutum ba sai da na gama da raguna. Bayan Babbar Salla takan aike ni gida-gida in roƙo muƙamuƙan da aka gama ci. In zauna bayan ɗaki da haƙoran ƙasa na rago, tunda shi ba a ba shi na sama a gaba ba, in danna kakin zuma in ɗauki siffa, in kai wa Sanda ya buga kwasfa da gwangwani, in dawo in sa. Gwaggo ta zo ta taɓa da farce. In ta motsa, sai ta ce, "Wannan Alhajin zai haɗiye Makkarsa kafin la'asar. Sake." Rago dai mai haƙuri ne. Ba ya tari, ba ya amai, ba ya tuna labarin surukarsa daidai lokacin da yatsanki ke tsakanin turamensa.

Kayan aikin ba su cika kwando ba. Awartaki ƙarami da muka naɗe bakinsa da fata don kada ya kankare zinariya. Magagari siriri kamar tsinken tsire. Kakin zuma, guntun madubi, garin liƙi da muke sayowa a farmasi a Maradi. Sai wani guntun icen kanya da ake sawa tsakanin turame. Ku dubi wannan yatsa nawa da ya karkace, ranar da na manta icen kanya ke nan. Duk kayan sai an tafasa su a tukunya kafin su shiga wani baki. Gwaggo ba ta taɓa jin sunan ƙwayar cuta ba, abin da ta sani shi ne in ba a tafasa ba, ciwon bakin wance yakan bi kwando ya sauka gidan wance.

Aikina na farko ni kaɗai shi ne bakin Dije. Sa'ata ce, tare muka yi wasan gaɗa. Ta kwashe ƙuruciyarta cikin hayaƙi tana bandar tarwaɗa da karfasa, tana kai wa kasuwa har Gabi, sai da ta tara abin kujera ta tafi Makka. Can aka sa mata zinariya a fiƙar sama ta dama, cikin layi, mai sawa yana sauri saboda bayanta akwai mata har bakin titi. Ta dawo ana ta zuwa barka, ita kuma ba ta iya cewa "amin" da ƙarfi, don haƙorin rawa yake.

Ta ja ni ƙuryar ɗaki ta ce, "Ta Maƙera, in wannan abin ya faɗo gaban baƙi, na shiga uku."

Na ce, "Buɗe, Hajiya."

"Ke, bar ni da Hajiyar nan, Dije ce dai."

"Dije ba ta da haƙorin da zan gyara. Buɗe."

Na zare kwasfar a hankali, na ga an goge haƙorin da ke ƙarƙashinta da gaggawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya. Na wanke, na busar da auduga, na matse bakin kwasfar da awartaki kaɗan-kaɗan ina gwadawa, har ta shiga da ɗan ƙara irin na marufin kwalba. Sannan liƙi. Sannan na sa ta cije tsumma, na zauna ina ba ta labari don kada ta yi magana, wanda shi ne mafi wuyar aikin duka. Da ta duba madubi ta yi dariyar da aka ji har zaure. Tun daga ranar, duk wanda ya sayi kifinta sai ya sha hasken Makka kyauta.

Akwai kuma ɓangaren sana'ar da ba a nuna muku a salula. In mai haƙorin zinariya ta rasu, mu ake kira kafin wanka. Malamai sun ce zinariya dukiyar magada ce, ba a binne ta in za ta fita ba tare da an ji wa gawa rauni ba. Sai in shiga da kwandona, in yi sallama kamar tana ji, in ɗaga leɓe, in zare, in naɗe a tsumma in miƙa wa babban gida. Wanda ya sa, shi ke cirewa. Rakiya, in kin manna da gam ɗin takalmi, ki shirya amsa wannan kiran ma, ki taho da guduma.

Sai ga shekarar da gero ya ƙi. Ruwa ya ɗauke yana cikin fitar da kai, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, tafkin nan ya ja baya har masunta suna tafiya da ƙafa inda dā suke tuƙi. Maza suka tsallaka Najeriya. Mata suka sayar da awaki, suka sayar da tasoshin jere, suka sayar da zannuwan ƙasan adaka. Da aka gama da ɗaki sai aka koma baki.

Dije ce ta fara zuwa, da hantsi, ta ƙofar baya. Ta zauna ba ta ko gaishe da Sanda ba.

Ta ce, "Cire shi."

Na ce, "Ciwo yake?"

"Yara ne ke ciwo. Cire shi, Sanda ya auna, a ba ni gero. Amma ba ni fita gidan nan da baki fari, kowa ya ce Dije ta cinye Hajjinta. Ku sa mini wani abu mai kama da shi."

Sanda ya ce abin da ke gare shi sai tsoffin mundayen tagulla da guntayen wayar lantarki. Na ce mata jan ƙarfe ba abokin yawu ba ne, zai yi kore, zai yi ɗaci, kuma laushi gare shi, bakinsa zai saki. Ta ce, "Ta Maƙera, wa'azi na zo ji ko aiki?" Muka yi aiki. Da aka goge shi da toka ya yi ƙyalli har ya fi na gaske, kamar yadda abin ƙarya ya saba.

Kafin kaka ta zagayo, ban san adadin Hajiyoyin da suka bi ta ƙofar bayan nan ba. Kowacce sai ta rantsar da ni kada in faɗa wa ƴar uwarta, wadda ta fita ɗazu da irin nasa a baki. Kullum da safe garin nan ana ta gurzar haƙori da toka da lemun tsami a bayan ɗaki. In aka haɗu wajen suna, sai ki ga manyan mata jere a tabarma, kowacce ta tsuke baki kamar mai riƙe da allura, ana gaisawa ta hanci. Wadda ta sha kunun tsamiya ta manta ba ta kurkure ba, da la'asar dasashinta ya yi kore kamar bakin rijiya. Kowa ya gani, kowa ya duƙar da kai. Ban taɓa ganin garin nan da ladabi kamar wannan shekarar ba.

Shi ya sa, Nafisa, da kika ce mini, "Kaka, ashe ku kun riga Turawa sanin sirrin jan ƙarfe," ban amshi yabon ba. Ki riƙe yabonki, ɗiyata. Ba sirri muka sani ba, yunwa muka sani. Ƙila ya kashe ƙwayoyin cutar da kike faɗa, ban gan su ba balle in je ta'aziyyarsu. Abin da na gani shi ne ya kashe wa mata ɗanɗanon tuwo. Da kika yi mini bayani na gane bambancin. Su masanan naku ɗan kaɗan suke sawa cikin farin ƙarfen, kamar kanwa a miyar kuka, suna aunawa suna sake aunawa, don ya isa kashe cuta bai isa cutar da nama ba. Mu kuwa kanwar muka tuƙa muka ba mutane a matsayin tuwo.

Da aka samu sauƙi, masu hali suka sake sayen zinariya a ɓoye, na maida musu. Dije ba ta samu ba da wuri, ga marayu a gabanta. Ta riƙe jan ƙarfen nan shekara da shekaru. Bakin kwasfar ya saki kamar yadda na faɗa, abinci ya riƙa shiga yana kwana, haƙorin da aka riga aka goge a Makka ya ruɓe a ciki ba mai gani. Ranar da aka kira ni, kumatunta ya kumbura har ido ya rufe. Na taɓa, na ji zafi kamar gefen murhu. Na ce wannan ya wuce kwandona, a sa ta a mota. A likita, wato asibitin Maradi, aka fasa, aka tsiyaye mugunya, aka cire haƙorin da saiwarsa. Ta dawo da giɓi daidai inda hasken yake dā. Ta koma rufe baki da gefen mayafi in za ta yi ciniki, matar da dā ake jin dariyarta daga bakin tafki.

Ɗanta Ilu, wanda aka saya wa geron nan yana rarrafe, ya girma ya zama mai kamiyo, babbar mota, yana dakon kaya tsakanin Maradi da Katsina. Da ya ji ƙarfin aljihunsa sai ya ce zai kai uwarsa Yamai a dasa mata haƙori, irin mai ƙusar nan. Ta ce ba ta zuwa. Ya turo ƙannenta, ta ƙi. Ya kawo malamin unguwa ya ce mata magani ne, ba laifi a addini. Ta ce ta ji, ta gode. Malam na fita ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Ta Maƙera, an ce abin cikin ƙashi ake murɗa shi."

Na ce, "Haka na ji."

"To ranar wanka fa? Wa zai kwance?"

"Malam ya ce ba komi."

"Malam ba shi za a tayar a tambaya ba. Na tsaya gaban mutanen garin nan da wayar lantarki a baki ina amsa Hajiya. Wannan ya ishe ni. Ba ni kwanciya a kabari da abin da ba nawa ba. In kin yi mini alkawari za ki cire, in tahi in faranta wa yaron nan. In ba ki yi ba, in mutu da giɓina, shi dai nawa ne."

Na ce, "In kuma na riga ki?"

"Ke? Mugun iri irinki? Sai kin binne mu duka."

Na yi mata alkawari. A raina ina cewa ƙusa dai ƙusa ce, abin da aka murɗa dama ai ya kwance hagu. Kun ga, ni ma na taɓa zama Rakiya.

Aikin da kuka gani an gama kafin in gyara zama, Dije ta yi ta zarya a kansa daga damina har bazara. Zuwan farko aka ɗauki hoton ƙashi. Wani zuwan aka huda aka sa ƙusar, aka ɗinke, aka ce ta koma gida ta jira ƙashi ya kama ta. Ta ba ni labari cewa lokotoron da ke mata aikin, wani mai sanyin magana, ya ce mata ana gwajin wani sabon iri a ƙasashen waje, mai gaurayen jan ƙarfe, amma bai iso nan ba tukuna. Ta ce masa, "Alhamdu lillahi, Allah ya tsare shi a hanya. Ni na ci rabona na jan ƙarfe, har da na jikokina."

Amma ku ji yadda ta kasance. An hana ta goro, an ba ta buroshi da wani ruwan kurkure baki. Buroshin ta ba jikanta yana wanke takalmi, goro kuwa ta ce ɓari guda ba goro ba ne. Sai naman da ke kewaye da ƙusar ya yi ja, ya kumbura, ya fara wari. Ni na ɗaga leɓen na gani, na ce wa Ilu ya tada mota. Lokotoro ya ce ƙwayoyin cuta ne suka yi gida a jikin ƙarfen, in suka ci ƙashin da ke riƙe da shi, ƙusar za ta faɗo, wahala ta tashi a banza. Ya kankare, ya wanke, ya ba ta magani, ya yi mata faɗan da ba wanda ya taɓa yi mata tun rasuwar ubanta. Nan na gane abin da masanan naku ke nema. Farin ƙarfen ƙashi na son sa, amma ba ya korar kowa, duk wanda ya zo sai ya zauna. Suna so su sa masa ɗan gadi ne a jiki, saboda sun san akwai irin su Dije a kowace ƙasa. Da na faɗa mata haka ta ce, "Ko gadin Sarki ne, in dai jan ƙarfe ne, ya tsaya waje." Amma daga ranar ta karɓe buroshinta daga hannun jikan.

Allah ya sa ƙashi ya kama. Aka ɗora mata farin haƙori, ta dawo, ta dube shi a madubina ta ce kamar na ƴar makaranta. Ilu ya sayo zinariya ta gaske. Sanda ya riga ya rasu, ƙanensa ne ya buga kwasfar, ni kuma na sa a kan haƙorin lokotoro, idona na ruwa-ruwa saboda tsufa. Shi ne sawa ta ƙarshe da na yi. Dije ta ajiye gefen mayafi. Ta yi shekarunta tana dariya a kasuwa, tana tauna ƙashin kifi da gangan a gaban sa'o'inta masu shan kunu. Duk haɗuwarmu kuwa, ko a gidan biki ne, sai ta ƙwanƙwasa haƙorin da farce ta dube ni. Ni kuma in ce, "Na sani."

Bara, bayan an gama girbi, da safe, aka aiko. Na sa aka sauko mini da kwandon daga saman rumfa, na tafasa kayan kamar kullum, ko da yake ba sauran ciwon da zai kama ta. Ilu na zaune a zaure da maza. Ya tashi ya tare ni, ya rage murya ya ce, "Inna, ta faɗa mini abin da ke tsakaninku. Har jiya tana maimaitawa."

Na shiga. Mai wanka ta matsa mini. Na yi sallama, na ce, "Dije, ga Ta Maƙera ta zo." Na ɗaga leɓen. Zinariyar ba ta ba ni wuya ba, ni na sa ta, na san inda zan taɓa. Na naɗe ta a tsumma. Sannan na kama farin haƙorin da awartaki, na juya hagu. Bai motsa ba. Na juya dama, ko Turawa a juye suke murɗi. Bai motsa ba. Na sa yatsa na bi dasashin sama ina lalube, in ji inda ƙarfe ya ƙare ƙashi ya fara. Duk rayuwata wannan gaɓar nake nema a bakin mutane, kuma ban taɓa rasa ta ba. Ranar nan na rasa. Na ƙara ƙarfi kaɗan, sai kanta duka ya biyo hannuna.

Mai wanka ta ce, "Inna, in kika ƙara, ƙashi za ki karya."

Na ce, "Na ji a hannuna."

Na ajiye awartakin. Na gyara mata leɓe, na shafe bakin da auduga. Na duƙa wajen kunnenta na ce, "Dije, na zo, na kama, na juya. Ƙashinki ne ya hana ni, ba wani ba. Ku sasanta tsakaninku."

Da na fito, Ilu na tsaye inda na bar shi. Na miƙa masa tsumman. Ya buɗe, ya ga zinariya, ya juya ta, ya duba ƙarƙashin tsumman.

Ya ce, "Inna, saura fa?"

Na ce, "Abin aro na cire, ga shi a hannunka. Saura na nema da ladabi, jikinta ya ƙi bayarwa. Abin da ƙashin mutum ya riƙe haka, ni ban san yadda zan kira shi na wani ba."

Ya naɗe tsumman, ya ce, "To in an tambaye ta fa?"

Na ce, "Sai ta ce a jira Ta Maƙera. Ba ni da nisa."